Abokin aikina ɗan Indiya zai buɗe coci a Frisco, ya ce in sa hannu. Ku ba ni shawara

Ɗan_Kagoro_TX
Salama 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa fara ikkilisiya daga tushe a ƙasar nan.

A Frisco nake zaune, arewa da Dallas. Wanda ya san garin ya san Indiyawa sun yi yawa a nan, a layinmu ma su suka fi rinjaye. Ina da abokin aiki mai jin yaren Telugu, daga jihar Andhra Pradesh, Baftis ne tun kakanni. Shi da iyalai tara suna taruwa a falonsa kowane daren Juma'a, su yi waƙa da addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki. Yanzu falon ya yi musu kaɗan, maƙwabta sun fara kai ƙara kan motocin da ake jerawa a bakin titi, su kuma suna so abin ya zama ikkilisiya sosai, da sujadar Lahadi. Da ya ji na taɓa riƙe ma'aji a cocinmu na gida, sai ya roƙe ni in zauna a kwamitinsu na shekara ɗaya in taimaka da tsari.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Daidai ne a buɗe coci don mutanen ƙasa ɗaya? Mu da muka taso inda ake cewa wancan cocin Yarabawa ne, wannan na Tibi ne, mun san inda hanyar take kaiwa. Kuma yankin Dallas ba a rasa coci ba, kowace kwana akwai. Me zai hana su shiga ɗaya? Amma kuma na ga mahaifiyarsa da ta zo musu ziyarar wata shida. Na kai su cocinmu, ta zauna tun farko har ƙarshe ba ta tsinci kalma ɗaya ba, sai murmushi. Ranar Juma'a kuwa ita ce ke ba da waƙa.

In shiga ko in ba shi haƙuri?

Bulus_Garland
Ka shiga mana, aikin Ubangiji ne. Amma kafin nan ka tambaye shi: cocin Indiyawa ko cocin Telugu? Ba abu ɗaya ba ne.

Maman_Tabitha
Bulus ya riga ni. Ni nas ce, kuma a asibitin da nake aiki rabin abokan aikina na dare 'yan Kerala ne, masu yaren Malayalam. Waɗannan fa ba sababbin tuba ba ne. Su a wurinsu Toma manzo da kansa ne ya sauka a gaɓar tekunsu a shekara ta 52, kuma har yau ana ziyartar inda suka ce an binne shi a Chennai. Wata ta taɓa tambayata yaushe bishara ta zo ƙasarmu, na ce 'yan mishan na SIM sun fara sauka a 1893, ta dube ni kamar jaririya.

Su ne suka fara zuwa da yawa, bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965. Matan ne suka zo aikin jinya, daga baya suka jawo mazajensu. Saboda haka sun daɗe da gina nasu: Mar Thoma, Otodoks, Katolikan Siro-Malabar da suke da dayosis ɗinsu a Chicago tun 2001, ga kuma Fentikos ɗinsu. Ka zagaya Garland, Carrollton, Coppell, Mesquite, za ka gan su. Ban da ta Fentikos, sujadarsu ta tsohon tsari ce, da turare da dogayen riguna, suna kiranta Kurbana. Babu wanda zai bar wannan ya zo ya zauna a kujerar roba wurin Baftis na Telugu. Kada abokinka ya rubuta "na duk Indiyawa" a allo alhali mutanen garinsu kawai zai samu.

Yakubu_Mai_Taya
Kai! Ashe Indiya akwai Kirista haka? Ni duk finafinan da muka kalla a Kaduna muna yara ban taɓa lura ba, sai dai a ga wani fada ya fito ya ɗaura aure a guje.

Malam_Tarihi
Akwai su sosai, Yakubu. Ƙidayar 2011 ta ba su kashi 2.3 cikin 100, wanda a ƙasa kamar Indiya ya kai mutum wajen miliyan 28. A Kerala kusan kashi 18 ne. Can arewa maso gabas kuwa, jihohin Nagaland da Mizoram, sama da kashi 85 Kirista ne. A nan Amurka rabon nasu ya fi na gida nesa ba kusa ba: binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2012 ya samu kashi 18 na Indiyawan Amurka Kirista ne.

Game da abokin Ɗan Kagoro, Baftis na Telugu suna da tarihinsu daban. 'Yan mishan na Amurka ne suka yi aiki a Nellore da Ongole, kuma a watan Yulin 1878, bayan wata babbar yunwa, an yi wa mutum 2,222 baftisma a yini guda a kusa da Ongole, ƙarƙashin John Clough. Akasarinsu Madiga ne, wato masu aikin fata da ake ƙyamar taɓawa. Ku riƙe wannan, don zai dawo a maganar.

Tsohon_Ɗalibi_78
Maganar Kerala ta tuna mini. Mu da muka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 zuwa 80, kusan duk malaman lissafi da kimiyyarmu Indiyawa ne, kuma da yawa sunayensu irin na Littafi Mai Tsarki ne. Namu na lissafi yana zuwa sujadar Turanci a gari da matarsa cikin sari, su zauna a benci na biyu. Ba su nemi cocin kansu ba. Sun koyi "sannu" da "yaya gajiya", har matar ta shiga zumuntar mata. To me ya sauya? Ko kuwa don yanzu suna da kuɗi ne?

Bulus_Garland
Yawa ne ya sauya, Yaya. Iyali ɗaya a gari ba shi da zaɓi. Iyali dubu suna da shi.

Rabaran_Mai_Ritaya
Ɗana Ɗan Kagoro, bari in tambaye ka. Kakarka da wane harshe ta yi sujada? Na tabbata ko da yarenku ne ko da Hausa. Da an ce mata sai Turanci, da ba ta zauna ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, kuma shi ne ya haɗa Berom da Bajju da Ngas da Tangale a benci ɗaya, alhali ba wanda Hausa ce yaren uwarsa. Har gobe majami'u da yawa na ECWA da COCIN suna da sujadar Turanci da sujadar Hausa a rana guda, a gini guda. Ba wanda ya kira wannan ƙabilanci.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar farko ma ta yi rigimar harshe: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru ai duk ɗaya muke ba. Suka ce a zaɓi mutum bakwai, kuma in ka duba sunayen bakwai ɗin, duk na Helenawa ne. Wato an ba masu kukan ragamar abin da ya shafe su.

Lokacin da muke makarantar tauhidi an karantar da mu ra'ayin Donald McGavran, wanda shi kansa a Indiya aka haife shi kuma a can ya yi aikin mishan. Koyarwarsa ita ce mutane sun fi karɓar bangaskiya in ba sai sun tsallake katangar harshe da dangi ba tukuna. Na fara ikkilisiyoyi a ƙauyuka da wannan tunanin, kuma na ga yana aiki. Tsohuwar da ka ambata, mai murmushi ba ta jin komai, ita ce amsarka. Ka shiga.

Gimbiya_Jos
Baba Rabaran, da girmamawa, a nan ne zan saɓa muku. Harshe daban, jinsi daban. Ra'ayin McGavran ya sha suka tun yana raye, don a Indiya "mutanenka" ba yare kaɗai ake nufi ba, ana nufin matakin da aka haife ka a ciki. Abin da Malam Tarihi ya ce mu riƙe ke nan. A cikin Telugu ɗin ma akwai Mala akwai Madiga, dukansu daga ƙasan tsani, amma an daɗe ana ja-in-ja tsakaninsu har cikin coci. Ga kuma waɗanda suka tuba daga manyan gidaje. A Kerala akwai Kananaya, waɗanda in ɗansu ya auri wadda ba tasu ba, ko da Kirista ce, zamansa a cikinsu ya ƙare. A wasu ƙauyukan Tamil Nadu har maƙabarta an raba.

Wannan abin bai tsaya a filin jirgin Hyderabad ba, yana shigowa cikin akwati. Saboda haka ni tsorona shi ne a ce "cocin yare", bayan shekara uku a tarar cocin dangi ne. Galatiyawa 3:28 ba a rubuta ta don ado ba.

Ɗan_Kagoro_TX
Gimbiya, kin sa na tuna wani abu. Ranar da na je taron Juma'ar, wani sabon iyali ya zo. Bayan gaisuwa na ga wani dattijo ya ja mijin gefe, yana tambayarsa garinsu, da cocin da aka yi masa baftisma, da sunan gidansu. Na ɗauka irin tambayarmu ce ta "ɗan gidan wa ne kai". Da muka fito abokina ya ce mini shi wannan tambayar ba ya sonta, don da amsa uku an riga an san matakin mutum. Shi kansa ya ce in ana so a fara da kyau, dole a hana ta. Amma dattijon nan shi ne ya fi kowa bayar da baiko.

Abdul_Plano
Salamu alaikum. Ni Musulmi ne, amma ku bar ni in tsoma baki, don mun sha irin wannan a masallatai. A yankin nan akwai masallatan da Indiyawa da 'yan Pakistan suka fi yawa. Inda aka tsaya a kan cewa huɗuba da Turanci za a yi, sai ka ga Basomale da Balarabe da mu baƙaƙen Afirka ta Yamma duk mun shigo, yara ma suna fahimta. Inda kuma komai da Urdu ne, sanarwa da Urdu, taron kwamiti da Urdu, ka yi salla ka fita, ba wanda ya kore ka amma ka san ba naka ba ne.

Tambayata ɗaya ce ga mai tambaya. Cocin nan don Kiristocin Indiya ne da suka rasa wurin ibada, ko don jawo Hindu ne? Don yawancin Indiyawan Frisco Hindu ne, ga babban wurin bautarsu na Hanuman da aka buɗe a 2015. Na farkon ba wanda zai ce uffan. Na biyun kuwa zai shafi zaman unguwa.

Mai_Bishara_Amos
Malam Abdul, cocin da ba ya shelar bishara ai kulob ne. Ku ma kuna da da'awa, ba wanda ya hana. In Allah ya kawo mutanen da a ƙasarsu da wuya a kai musu saƙon, ya ajiye su a bayan gidanka, za ka yi shiru?

Abdul_Plano
Ban ce a yi shiru ba, Malam Amos. Cewa na yi a faɗi gaskiyar abin da ake yi tun daga ƙofa.

Lami_Irving
Ina bayan Malam Abdul a nan, kuma ni Kirista ce. Maƙwabciyata Hindu ce, 'ya'yanmu ajinsu ɗaya. Bara aka gayyace su wani "bikin al'adu", an ce akwai rawa da abinci da wasan yara. Suna zuwa, bayan abinci aka rufe ƙofa aka fara wa'azi, aka raba katin cika suna. Ta dawo ranta a ɓace, ta ce da an gaya mata taron coci ne da ta zo ko ta ƙi da saninta. Tun daga ranar ko gayyatar Kirsimeti ba ta karɓa.

Ku sani maganar sauya addini wuta ce a Indiya. Jihohi da dama suna da dokokin hana ta, kuma zargin da ake yi wa Kirista kullum shi ne suna sayen talakawa da shinkafa da makaranta. A 1999 an ƙona ɗan mishan Graham Staines da 'ya'yansa maza biyu cikin mota a Odisha, a 2008 aka kai wa Kiristoci hare-hare a gundumar Kandhamal ta wannan jihar. Kowane ɓangare ya zo nan da tabonsa. Kiristan yana jin a nan ne ya samu sakewa, Hindun yana jin an biyo shi har Amurka. In za a gayyaci mutum a ce masa sujada ce, shi ke nan.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a a ci gaba da ladabi kamar yadda aka faro. Na goge saƙo biyu. Mai su ya san kansa.

Akawu_Ishaku
Bari in dawo da mu kan abin da aka nemi Ɗan Kagoro ya yi, wato tsari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su fara yin rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba a ofishin sakataren jihar Texas, ana buƙatar daraktoci aƙalla uku. Su karɓi lambar haraji ta EIN, su buɗe asusun banki da sunan ikkilisiya. Daga ranar, ko dala ɗaya ta baiko kada ta sake shiga asusun mutum, ko da ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ce. Mutum biyu su ƙirga, mutum biyu su sa hannu, kuma kada biyun su zama mata da miji ko surukai. Duk wanda ya ba da dala 250 ko fiye a lokaci guda yana buƙatar takardar shaida don harajinsa. Inshora dole ce, duk mai ba ku haya zai nema. Masu koyar da makarantar Lahadi a bincika tarihinsu, kuma kada babba ɗaya ya kaɗaita da yara.

Sai babbar matsalar, biza. Na tabbata yawancin iyalan nan a kan bizar aiki ta H-1B suke. Mai wannan biza an ɗaure shi ga kamfanin da ya nema masa. Zai iya yin wa'azi kyauta, amma ranar da kuka fara ba shi albashi ko "ɗan abin mai" kowane wata, kun jefa zamansa cikin haɗari. In kuma za su ɗauko fasto daga Indiya, bizar R-1 ce: sai ya kasance ɗan ɗariƙar tsawon shekara biyu kafin a nema, ana iya zuwa a duba wurin ibadar, kuma iyakarta shekara biyar. Falon mutum ba zai wuce wannan ba. Su biya lauyan shige da fice na awa ɗaya, ya fi musu shawarar WhatsApp.

Abu na ƙarshe. In aka sallami mai H-1B daga aiki, kwana 60 gare shi ya samu wani ko ya tattara. Kada ku yi kasafin kuɗi kamar duk iyalai taran nan za su kai baɗi.

Hauwa_Kwamfuta
Ƙari kan maganar Akawu. Katin zama na dindindin ana rabonsa ne da ƙa'idar kada ƙasa ɗaya ta wuce kashi 7 cikin 100, ko Indiya ce ko ƙaramar ƙasa. Shi ya sa layinsu ya yi tsawon da mutum zai shekara goma da ɗoriya yana jira. Yaron da aka kawo yana goye, in ya cika 21 katin bai fito ba, ya fita daga takardar ubansa. Ina aiki da su, wannan ne abin da suke kwana da shi suke tashi da shi. Ga gida mai ɗaki biyar da Tesla a gareji, amma mutum ba ya iya zuwa jana'izar mahaifinsa don tsoron kada hatimin biza ya hana shi dawowa. Faston da bai san wannan ba, wa'azinsa zai wuce ta kansu. A cocin Turawa in ka ce a yi maka addu'a kan ranar da layinka na katin zama zai iso, sai ka fara bayani daga farko. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar cocin nasu.

Maman_Tabitha
Ba wanda ya taɓo abinci, kuma shi ne zai fara haɗa su faɗa. Cocin Indiyawa ba a tashi sai an ci, ba shayi da biskit ba, cikakken abincin rana: biriyani, sambar, miyar kaza. 'Yan Kerala suna cin naman shanu sosai. Baƙon da ya taso gidan Hindu kuwa ko cokalin da ya taɓa shi ba ya so. A ware tebur na marasa nama, da cokulansa daban, a rubuta a jiki.

Kuma wa zai dafa? Matan. Waɗanda su ma suna aiki Litinin zuwa Juma'a. Mun gani a zumuntar mata a gida, mutum huɗu ne ke ɗauke da tukunyar kowa har su gaji su daina zuwa. A yi jadawali tun yanzu, a sa maza a wanke-wanke.

Yakubu_Mai_Taya
To Ɗan Kagoro, kada ka kai musu kilishi ranar buɗewa.

Ɗan_Kagoro_TX
Ai abokina ya riga ya cinye wanda aka kawo mini a Disamba, har yana tambayar ko akwai mai yaji fiye da haka.

Injiniya_Dauda
Maganar wuri. Kada su yi mafarkin gini yanzu. Frisco a 2000 mutum dubu 33 da 'yan kai ne, a 2020 ta wuce dubu 200. Fili ya yi tsadar da iyali tara ba za su taɓa ba, kuma sababbin zuwa yanzu can gaba suke saya, Prosper, Celina, Little Elm. In ka kafa tubali a nan, bayan shekara biyar rabin jama'arka suna tuƙin minti talatin.

Hanya biyu ce. Ko hayar zauren cin abinci na makarantar gwamnati ranar Lahadi, wanda doka ta yarda tunda ana ba wasu ƙungiyoyi, amma kowane mako sai an sauke kujeru da lasifika an kuma kwashe, kuma mutum uku ne za su riƙa yi har bayansu ya ƙage. Ko kuma su nemi wani cocin Turawa da jama'arsa ta ragu ya ba su ƙarfe huɗu na yamma. Na biyun ya fi sauƙi, akwai ɗakin yara da kicin da wurin baftisma. Sai dai a rubuta yarjejeniya. Na san wasu 'yan Afirka da aka ba su wuri da baki, wata shida aka ce ƙanshin girkinsu ya kama labule.

Saratu_A
Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni. Duk kuna maganar kaka, ba wanda ya yi maganar jika.

Na taso a cocin 'yan Najeriya. Sujada awa uku, rabinta ban ji ba, mu yara ana tura mu ɗakin baya da wata anti da ba ta shirya komai ba. Da na tafi jami'a na daina zuwa, kuma ƙawayena Indiyawa labarinmu ɗaya. Wata ta ce mini cocinsu wurin da iyaye ke gwada sakamakon jarrabawar 'ya'yansu ne, wa ya shiga likitanci, wa aka gani da saurayi. In kana da damuwa ta gaske ba ka isa ka faɗa ba, kafin yamma ta kai Indiya ta dawo.

Kaka wata shida za ta yi ta koma. Yaran nan su ne za su zauna. In an fara da Telugu zalla, nan da shekara goma yaran suna babban cocin Turawa na bakin babbar hanya, ko ba sa ko'ina. Kawu Ɗan Kagoro, in za ka shiga kwamitin, ka nemi kuɗin farko da za a kashe ya tafi ga mai kula da matasa wanda ya taso a nan, kafin a sayi lasifika.

Rabaran_Mai_Ritaya
'Yata Saratu, Hausarki ba ta da laifi, kuma maganarki ta shige ni. Amma kada a yar da tsohuwa don a riƙe yaro. Abin da Hausa ta zame mana a Filato da kudancin Kaduna, shi Turanci ya zame wa Indiyawa: mai Tamil da mai Telugu da mai Malayalam da shi suke fahimtar juna, kuma mutanen kudu da yawa ba sa son a ɗora musu Hindi. To a yi wa'azi da Turanci, a yi waƙoƙi biyu ko uku da Telugu, karatun nassi da duka biyun, daren Juma'a kuma a bar shi da yare kamar yadda yake. Na ga an yi haka ya zauna.

Gimbiya_Jos
To in wa'azi da Turanci ne, Baba, mun dawo tambayar farko ke nan. Me ya raba shi da cocin da Ɗan Kagoro yake zuwa? Me zai hana su shiga can a ba su daren Juma'a da ɗaki?

Hauwa_Kwamfuta
Shugabanci, Gimbiya. A can baƙi ne da aka ba ɗaki. Shekara nawa kike cocinku, an taɓa sa ki a kwamitin kuɗi?

Gimbiya_Jos
An sa ni a na tarbar baƙi, da sharaɗin in zo da ɗaurin ɗankwali ranar mishan. Na ji ki. Amma ban janye maganar dangi ba.

Ɗan_Kagoro_TX
Na gode ƙwarai. Jiya na je taronsu na kai maganganunku, ban da na kilishi.

Na kuɗi da biza sun karɓa nan take, har wani ya ce dama yana tsoron yadda baiko ke shiga asusun mutum ɗaya. Za su ga lauya. Wuri kuma sun fi karkata ga neman ƙarfe huɗu a wani coci.

Harshe ne ya raba su. Masu ƙananan yara suna son Turanci da waƙoƙin Telugu, kusan yadda Baba Rabaran ya faɗa. Dattijon da na ambata ya ce in haka ne shi bai ga amfanin wahalar ba, Telugu ce ta tara su. Aka zo kan suna: a sa Telugu, a sa Indiya, ko a sa sunan unguwa kawai? Har sha ɗaya na dare ba a gama ba. Da abokina ya kawo maganar hana tambayar sunan gida, ɗakin ya yi tsit, sai wata mata ta ce ita dai an taɓa yi mata a wani cocin, shi ya sa ta baro shi. Ba a yanke komai ba.

Na ce musu zan taimaka da takardu da asusu na wata shida, ba tare da ƙuri'a a kwamiti ba. Rigimar harshe da dangi tasu ce, ba Bakagore ne zai raba ta ba.

Mai_Bishara_Amos
Wata shida ba ƙuri'a? Ka tsaya a bakin ƙofa ke nan, ɗan'uwa. In ba ka da murya, ranar da dattijon ya yi nasara kai ne za ka riƙa ƙirga wa cocin dangi kuɗi.

Akawu_Ishaku
Ni kuwa ina ganin daidai ya yi. Ma'ajin da ba ya cikin kowane ɓangare shi kowa zai yarda da lissafinsa. Ɗan Kagoro, turo mini saƙo ta gefe in ba ka samfurin kundin tsarin da muka yi amfani da shi, sai ku gyara. Ka duba sashen cire shugaba da kyau, shi ake tsallakewa.

Saratu_A
Kawu, an tambayi yaran kuwa? Akwai 'yan sakandare a cikinsu ai.

Ɗan_Kagoro_TX
Suna sama suna wasan bidiyo lokacin da ake taron. Zan gaya wa abokina a sauko da su Juma'a mai zuwa.

Tsohon_Ɗalibi_78
Har yanzu ba wanda ya gamsar da ni cewa malaminmu na lissafi ya yi asarar wani abu da ya zauna a benci na biyu tare da mu. Injiniya, wancan cocin da ya kori 'yan Afirka saboda labule, daga baya ina suka koma?